Abin da ke riƙe ma'aikatan sa-kai na lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙauye, da abin da ke watsa su

Ƙungiyar sa-kai mai kula da masu ciwon damuwa da taɓin hankali a karkarar Kano ko Jigawa ba ta cika mutuwa da hayaniya ba. Da rani a horar da mutum ashirin, a raba riguna da jakunkuna, a ɗauki hoto a ƙofar gidan dagaci. Ruwa na sauka, rabi su koma gona. Waɗanda suka rage aiki ya yi musu yawa, maganar kuɗin mota ta fara yawo a bayan ido, sirrin wani gida ya fita. Daga nan kowa ya zame a hankali, ana gaisawa a masallaci da wajen suna kamar babu komai. In shugabanni sun farga, abin da ke fara zuwa ransu shi ne a shirya taron shaƙatawa, a dafa shinkafa, a yi wasanni don ƙara danƙon zumunci. Taron ba laifi ba ne. Sai dai shi ne na ƙarshe a jerin abubuwan da ke haɗa kan ma'aikata, kuma in da shi aka fara, kuɗin shinkafar kawai za a yi asara.

Dalilin da ya sa aikin ya faɗo kan masu sa-kai lissafi ne mai sauƙi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, jama'a sun haura miliyan 200, kuma yawancin likitocin a birni suke. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Jigawa 27, amma wuraren da mutane suka sani da wannan aiki ƙalilan ne: asibitin Dawanau, sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin Kazaure. Mutumin Guri ko Doguwa da zai kai ɗan'uwansa ɗaya daga cikinsu ya san yini ya tafi, ga kuɗin motar mutum uku, domin mara lafiyar ba ya tafiya sai da masu riƙe shi. Irin wannan giɓi ne ya sa a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, don ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya gane cututtukan da aka fi gani, su kula da su. A Zimbabwe kuma Dakta Dixon Chibanda ya nuna cewa tsofaffin mata, in an horar da su, za su iya zama kan benci a harabar asibiti su taimaki masu damuwa da hira mai tsari. A nan gida, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanar Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Rabon ma'aikacin sa-kai a cikin wannan tsari bai wuce abu huɗu ba: ya gano, ya saurara, ya raka asibiti, ya bibiya ko ana shan magani. Ba ya rubuta magani, ba ya sa wa cuta suna.

Abu huɗu ne, amma nauyinsu ba irin na ma'aikacin birni ba ne, wanda in ya tashi aiki ya hau mota ya ɓace cikin jama'a. Nan mara lafiyar maƙwabci ne, ko surukin yaya. Bayan isha'i ana sallama da kai. Ka shiga gida ka tarar da saurayi da mari a ƙafa a ɗakin baya, ko mai jego ta daina ba jariri nono ta zuba wa bango ido, ka dawo gida ba wanda za ka gaya wa domin amana ce. A majalisa ana zolayarka da likitan mahaukata. In jiki ya rikice a ce kai ka kawo maganin asibiti, in an samu sauƙi a ce rubutun malam ne ya ci. Randa ce ake ta ɗiba ba a zubawa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan gajiya mai cin rai a kundinta na jerin cututtuka mai suna ICD-11 a matsayin matsalar da aiki ke haifarwa, da alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta janye daga aikin har mutum ya fara raina shi, sannan ya ji ba ya tsinana komai. A ƙauye ba wanda zai buɗe baki ya ce haka. Abin da za a gani shi ne waya kullum a kashe, ana cewa babu caji. Rahoton ziyara duk iri ɗaya, domin a gida aka zauna aka cike fom ɗin. Mai haƙuri ya fara cewa "wancan gidan ai ba sa son taimako". Kodinetan da ya ɗauki wannan a matsayin lalaci ya yi faɗa, to ya ƙarasa korar mutumin ne.

Kuɗi, tun kafin a kai ga zumunci

Mai sa-kai lokacinsa ya bayar, bai ce zai ciyar da ƙungiya daga aljihunsa ba. Kuɗin acaɓa, katin waya da cajin waya a shago na ƙungiya ne. A lissafa wa kowa da ainihin nisan da yake yi, ba a yanka kuɗi ɗaya ga na cikin gari da mai fita rugage ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin hawa ba ya zama wuri ɗaya, don haka a sake duba lissafin duk wata uku. Farashin damina ma daban ne, musamman a yankin fadamar Hadejia inda wani garin sai da kwale-kwale. A tsayar da ranar biya guda a wata. In ta banki ake turawa, a haɗa da cajin mai POS, don ƙaramin ragi irin wannan ne mutane ke riƙewa a zuci. Littafin kuɗi ya kasance da sa hannun mutum biyu, a karanta shi a fili sau ɗaya a wata, ko da abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Inda ba a karantawa, kowa ya ɗauka akwai wasu daloli da shugaba ke ɓoyewa.

Babu abin da ke haddasa gaba kamar taron bita a Kano ko Dutse. Akwai alawus, akwai masauki, akwai takardar shaida, kuma kusan kullum mutum uku ne ke zuwa, saboda su suka iya Turanci. Maganinsa jerin sunaye a rubuce, ana bi bi da bi, wanda ba ya jin Turanci a haɗa shi da mai ji. Duk wanda ya je, cikin mako biyu ya tsaya ya koya wa sauran abin da ya samo.

Ranar farko kuma a faɗi gaskiya mai ɗaci: babu albashi, babu alkawarin ɗauka aikin gwamnati. Mutane sun saba da aikin rigakafi inda ake biyan alawus bayan kowane zagaye, wasu kuma sun shigo ne da fatan sunansu zai shiga wani jeri. Gara mutum biyar su tafi a makon farko da su tafi bayan wata shida, sun bar marasa lafiya a tsakiyar hanya. Sannan a hana ma'aikaci ba mara lafiya kuɗi daga aljihunsa. Tausayi ne ke sa hakan, amma yana mai da ziyara ta zama ta karɓar kuɗi, kuma ya sa a raina abokin aikinsa da ba shi da abin bayarwa. A ware ɗan asusu na kai mara lafiya asibiti, mutum uku su riƙa yanke shawarar fitar da shi.

Amana

A garin da kowa ya san kowa, shigarka gida kaɗai sanarwa ce. Rigar ƙungiya mai tambari ta taron gangami ce, ba ta ziyarar gida ba. Kowane mara lafiya a ba shi lamba. Littafin da ya haɗa lamba da suna ya zauna a kulle wurin mutum ɗaya. A zauren WhatsApp na ƙungiya babu suna, babu hoto, babu saƙon murya mai kwatanta gida, domin wayar mace sau da yawa tana hannun maigida ko yara da dare. A wajen zama a ce "lamba 14, mace, shekara kamar 25". Duk da haka mutane za su iya ganewa, shi ya sa ba a ba ma'aikaci danginsa ko unguwarsu. A yi musaya: na unguwar gabas ya yi yamma.

Wuri mafi wuya shi ne idan babba ya tambaya. Dagacin da ya ba ku izinin aiki zai iya cewa, "Me ke damun matar wane ne na ga kuna sintiri?" Matashi ba zai iya ƙin ba shi amsa ba sai in an koya masa kalmomin, an kuma maimaita su har sun zauna a bakinsa: "Ranka ya daɗe, amanar gidan mutane ce, irin wadda kai ma ake kawo maka ka riƙe. In akwai inda ake buƙatar sa bakinka, da izininsu za mu zo." Mafi kyau ma shugabanni su yi wannan bayani a fada tun kafin a fara aiki.

Amana tana da iyaka guda, kuma ana faɗa wa mara lafiya ita tun zaman farko: in rai na cikin haɗari, nasa ko na wani, za a sanar da mai kula da aiki a ranar. Ma'aikaci ba ya kwana da irin wannan magana shi kaɗai. A samu wani na gida da mara lafiyar ya yarda da shi ya zauna tare da shi, a kawar da maganin feshi da fiya-fiya daga inda hannu zai kai, a nemi asibiti. Sashe na 231 na dokar Penal Code ta Arewa ya daɗe da sanya yunƙurin kashe kai cikin laifuka, kuma tsoron hukuma da na abin kunya na sa iyali su ɓoye. Kalma ɗaya ta fita, ba za su sake buɗe wa kowa ƙofa ba. Wanda ya saki sirri a dakatar da shi daga ziyara, ko da 'yar mai unguwa ce. Ranar da aka ɗaga wa wani ƙafa, dokar ta tashi daga aiki.

Zaman mako

In ƙungiya abu ɗaya kawai za ta iya riƙewa, to wannan ne. Mutum 12 zuwa 16 sun isa zama ɗaya. In sun fi haka a raba biyu, don masu kunya ba sa magana a taro mai yawa. A kauce wa ranar kasuwa: Juma'a a yankin Wudil, Alhamis a Maigatari, Lahadi a Dambatta. Hantsi ya fi dacewa, ko bayan la'asar in za a tashi da wuri mata su isa gida kafin magariba. Wurin ya zama mai ƙofa, ajin firamare ko ɗaki a ƙaramin asibiti, ba gindin bishiya ba, ba zauren dagaci ba. A shimfiɗa tabarmi a zagaye. Da zarar an kawo tebur da kujera ga shugaba, zaman ya koma na sauraron umarni.

Minti 90 ya isa. Goman farko na addu'a ne da jin halin da kowa ke ciki, kuma a nan ake fara tuntuɓe. Ka tambayi Bahaushe yaya aiki, "alhamdu lillahi" za ka ji, ko da kwana uku bai runtsa ba. Tambayar sai ta zama mai kama abu: "Wane gida ne ya biyo ka har shimfiɗa a makon nan?" Wata dabarar ita ce a ajiye kwanon tsakuwa, kowa ya ɗebi daga ɗaya zuwa biyar gwargwadon nauyin da yake ji, ya ajiye a gabansa, ba sai ya yi bayani ba. Wanda ya ajiye huɗu ko biyar mako biyu a jere, kodineta ya same shi a keɓe, a rage masa gidaje. Ba a tsare shi da tambaya a gaban mutane.

Minti 40 na gaba na marasa lafiya ne, kuma biyu kawai ake dubawa. Mai kawo maganar ya yi minti biyar ba a katse shi ba. Daga nan tambaya kawai ake yi, ba shawara: tana cin abinci, wa ke kwana da ita, yaushe rabonta da magani, me mijin ya ce. Sai an gama tambaya ake kawo shawara, kuma mai maganar ne zai zaɓi ɗaya ko biyu ya faɗi ranar da zai gwada. In ba a raba tambaya da shawara ba, cikin minti biyu wani dattijo zai yanke hukunci, kowa ya ce haka ne.

Sai minti 20 na gwaji. A kasu uku-uku: mai taimako, mai kwaikwayon mara lafiya, da mai lura. Aikin mai lura ƙirga ne: sau nawa aka katse mara lafiya, minti nawa aka yi kafin a ce "sai haƙuri", sau nawa hira ta juye wa'azi. Haƙuri da tawakkali suna da wurinsu, kuma sau da yawa mara lafiyar da kansa zai kai maganar can. Amma in aka faɗe su a minti na biyu, abin da ya ji shi ne "yi shiru". Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma mutanen kirki ne suka fi yinsa.

Minti goma a yi numfashi a hankali tare, irin wanda ake koya wa marasa lafiya: a shaƙa ta hanci ana ƙirga uku, ciki ya taso ba ƙirji ba, a fitar ana ƙirga uku. Makon farko za a yi dariya, a bar su su yi. Sanarwa da fom su ne na ƙarshe, minti goma. In aka sa su a farko sai su cinye zaman, ya koma wurin binciken wa ya cika takarda wa bai cika ba.

Abu biyu ke sa zaman ya yi rai. Na ɗaya, sau ɗaya a wata a samu ma'aikacin jinya da ya karanci ƙwaƙwalwa, ko jami'in lafiya da ya yi horon mhGAP, ya zauna da su, in bai samu zuwa ba ko ta waya ce. Akwai tambayar da sai shi: wanda wuyansa ya sandare ko yawu ke zuba bayan fara magani, ko mai farfaɗiya da ta samu ciki. Na biyu, shugaba ya zama na farkon kawo gidan da ya gagare shi. Muddin shugaba bai taɓa kuskure a bakinsa ba, na ƙasa za su ci gaba da ɓoye nasu.

Yawan gidaje ma lissafi ne. Tsarin PM+ na taimaka wa masu damuwa ta hanyar hira, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, zama biyar ne, ɗaya a mako, kowanne kimanin minti 90. Ka ƙara tafiya da gaisuwa da jiran maigida ya ba da izini, gida ɗaya ya ci rabin yini. Mai gona ko mai sana'a ba zai riƙe fiye da gida huɗu ko biyar a lokaci guda ba. Gidan da ba a sani ba, ko inda mara lafiya ke duka, mutum biyu ke shiga. Bayan wata uku ana aiki, a ba kowa hutun mako biyu bi da bi, kuma dole ne, don in aka bar shi ga mai so, masu ƙoƙarin ba za su karɓa ba.

Manya da yara, maza da mata

A tabarma ɗaya za ka samu tsohon hedimasta, ungozoma mai jikoki, da yarinyar da ta gama makarantar koyon aikin lafiya bara. Ita ta fi su sanin magani, amma ba za ta gyara wa sa'an mahaifinta magana ba. Kada a yi ƙoƙarin rushe girmamawa, a juya jerin magana kawai: ƙanana su fara, manya su rufe. "Baba, bari yaran su faɗi nasu, sai ka ɗora mana" ba ta ɓata wa kowa rai. Ungozomar da ba ta rubutun boko a haɗa ta da mai rubutu. Ita ke buɗe ƙofar da ba a buɗe wa kowa, don ita ta yanke wa rabin garin cibi.

Mata su ke shiga gidajen da maza ba sa shiga, wato yawancin aikin a hannunsu yake, amma sai ka ga shugaba da sakatare da ma'aji duk maza. A ba mata aƙalla biyu daga manyan muƙamai, har da na kuɗi. Kafin a horar da matar aure, a je wurin maigidanta tare da liman ko mai unguwa, a gaya masa ranaku da lokacin dawowa, a kuma cika alkawarin lokacin. Zama ɗaya da ya kai magariba zai iya raba ƙungiya da mace mafi ƙwazo. Mai goyo ta zo da goyonta. Maganar jego, zaman aure ko fyaɗe, mata su tattauna su kaɗai, sannan a haɗu a kan abin da aka yanke.

A cikin ma'aikatan kansu akwai mai ganin iska ce, akwai mai ganin cuta ce ta asibiti. Musu a kan wannan ba ya ƙarewa, kuma ba a buƙatar a ƙare shi. Abin da za a haɗu a kai uku ne: ba duka, ba ɗaure mutum da mari, ba a dakatar da maganin asibiti. Addu'a da ruƙiyya su tafi tare da magani. Bambancin Izala da ɗariƙa da na jam'iyya a bar su a bakin ƙofa, musamman shekarar zaɓe. Inda akwai Kirista a cikin ma'aikata, kamar wasu garuruwan kudancin Kano, a duba Lahadi wajen sa ranar zama.

Sai wasanni

Wasannin da ake kwasowa daga taron bita na otal yawanci ba sa haye gada. A ce mutum ya faɗa da baya a cafe shi, ko maza da mata su riƙe hannu su warware ƙulli, ko kowa ya faɗi sirrin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Dattijo zai yi murmushi ya koma gefe, matan su ƙi tashi, labari ya kai gida cewa rawa ake yi a ƙungiyar. Na faɗin sirri ya fi haɗari, don gobe da waɗannan mutanen za ka haɗu a rijiya.

Abin da ke aiki shi ne wanda mutane suka riga suka sani. Gayya a gonar ɗan ƙungiya lokacin maimai ko girbi, rabin yini, bi da bi, kuma a ƙayyade cewa mai gona kunu ko fura kawai zai kawo, kada gayyar ta zame masa bashi. Wannan ya fi kowane wasa, domin yana mayar wa mutum lokacin gonar da aikin ƙungiya ya ci. Asusun zumunci na suna, jinya da rasuwa, da adadi ɗaya ga kowa: abin da aka kai gidan shugaba shi za a kai gidan ƙaramin ma'aikaci, kuma a je ta'aziyya tare. Adashi yana haɗa mutane, yana kuma raba su. In za a yi, zubin ya zama kaɗan, ba tilas, kuma kada a cire shi daga kuɗin mota. Cin abinci tare sau ɗaya a wata ko buɗa-baki da azumi yana da kyau, in dai ba matan aka bari a murhu maza na hira a inuwa ba. Maza su kawo itace da ruwa, ko a biya mai dafawa.

Dara, ƙwallo, carafke da kacici-kacici duk suna sakin jiki, haka barkwancin da aka gada, irin na Kanawa da Zagezagi ko Fulani da Barebari. Iyakarsa ɗaya: ba a kwaikwayon mara lafiya don a yi dariya. Ma'aikatan da suka gaji suna faɗawa cikin wannan, kuma alama ce da ya kamata kodineta ya karanta.

Zana taswirar gari a ƙasa da toka da tsakuwa aiki ne da wasa a haɗe. A sa ƙaramin asibiti, kemis ɗin da ake samun magani, malaman da ke yarda su tura mutum asibiti, ɗan acaɓan da ke fita da dare, hanyar da ke yankewa da damina. Gidajen marasa lafiya ba sa shiga taswira. A nan ne ungozoma da tsohon manomi ke fin mai takarda sani, kowa kuma ya gani da idonsa. Shirya wasan kwaikwayo don ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, 10 ga Oktoba, shi ma yana haɗa kai, saboda makonnin gwaji da ake yi tare. A guji fito da mahaukaci mai tsumma yana bin yara, don shi kaɗai 'yan kallo za su tuna. A nuna mai jego da uwar mijinta, ko matashin da ƙwaya ta kama da mahaifinsa.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Horo mai nauyi da ziyarar ƙungiyar wani gari bayan kaka ake yinsu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai dai a yankin noman rani irin Kura da Kadawa inda a lokacin ma ana gona. Da damina a mayar da zama duk mako biyu, a rage gidaje tun kafin mutane su fara ɓacewa. Ƙarshen shekara a ba kowa takardar yabo a gaban hakimi. Kyautar gwarzon shekara ga mutum ɗaya kuwa tana faranta wa ɗaya ne ta ɓata wa goma sha biyar.

Idan babban abu ya faru

Ambaliyar 2022 a Jigawa, ko fashewar tankar mai a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Oktoban 2024 da ta ci rayuka fiye da 150, irin ranakun da ma'aikacin sa-kai ke aiki alhali shi ma yana cikin masu makoki ne. Littafin jagora kan taimakon farko na kwantar da hankalin waɗanda bala'i ya shafa, da aka fitar a 2011, ya taƙaita aikin a duba, saurara, haɗa mutum da taimako. A tsara karɓa-karɓa tun ranar farko, kada wani ya wuce rabin yini a wurin, wanda ya yi rashi a cikin danginsa a cire shi daga jerin. Bayan an lafa, kada a tara su a tilasta wa kowa ya ba da labarin abin da ya gani dalla-dalla. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan irin wannan zama na tilas, domin ba ya hana ciwon firgici, yana ma iya dagula wa wasu. Abinci, barci, komawa cikin iyali, da sanin cewa akwai wanda za a samu in ana son magana, su ake buƙata. Wanda ya haura wata guda yana mugun mafarki, yana firgita, ko yana kauce wa hanyar wurin, a kai shi ga ma'aikacin lafiya kamar yadda za a kai kowa.

Wasu kuma za su tafi ko da an yi komai daidai: aure, ci-rani, karatu. A roƙi mai tafiya ya ba da sanarwar wata ɗaya, ya kai magajinsa kowane gida da ƙafarsa sau biyu ya gabatar da shi, ya mayar da littafi, ya goge lambobin marasa lafiya daga wayarsa. Amanar da ya ɗauka tana nan a wuyansa bayan ya tafi, kuma a gaya masa haka a fili. Duk shekara bayan kaka a horar da sababbi uku ko huɗu, kowanne ya bi tsohon hannu wata biyu kafin a ba shi gida nasa.